Ranar da Yaya Tela Ta Kai Katifa Ɗakin Taro

Yayata ba ta iya zama a kan katifar mutum ba tare da ta danna ta ba. Ko dubiya muka je, kafin ta ce "ya jiki" sai ka ga ta kafa babban yatsa a gefen gado, ta danna, ta saki, tana kallon yadda soson zai dawo. In ya dawo da sauri sai ta gyaɗa kai. In kuwa ya yi nawa, to mara lafiya zai sha bayani: "Wannan ciwon bayan naka ba na asibiti ba ne, na katifa ne." Mun yi faɗa, mun yi roƙo, har Inna ta taɓa hana ta bin mu, duk a banza.

Shekara talatin da huɗu ta yi a kamfanin katifa guda ɗaya. Ta shiga tana da shekara goma sha tara, aka zaunar da ita a layi na uku na ɗakin ɗinki, a gaban wani tsohon keke mai tsinka zare duk bayan minti biyar. Aikinta ɗinka rigar katifa: a kawo yadi a yanke, ta haɗa gefe da gefe, ta bar baki ɗaya inda za a zura soso. Daga nan sunan Tela ya bi ta. Ta zama shugabar layi, ana ce mata Tela. Ta yi shekara shida tana karatun ƙarshen mako har ta sami digiri, ta zama manaja, ana ce mata Tela. Ranar da aka naɗa ta darakta mai kula da masana'anta gaba ɗaya, aka manna allon ƙarfe a ƙofar ofishinta da cikakken sunanta, amma masu gadi suka ci gaba da cewa, "Buɗe, Madam Tela ta iso." Mu kuwa a gida Yaya Tela muke cewa, ni da nake autarsu har da jikokin Inna.

Daraktocin kamfanin su shida ne, biyu mata: ita da lauyar kamfanin, wadda kowa ke kira Lauya. A cikin mazan akwai wanda ake kira Sarkin Talla, mai kula da ciniki. Turarensa kan riga shi shiga ɗaki da minti biyu, ya kuma daɗe a ciki bayan ya fita. Yaya ta girme shi a aiki da shekara goma sha biyu. Lokacin da ya zo bai san bambancin soso mai tauri da mai laushi ba, ita ta riƙe hannunsa ta danna masa. Mutumin kirki ne, kowa ya shaida. Cutarsa ɗaya, ƙorafi. In ba a yi masa komai ba ma sai ya nemo.

Wata Laraba da safe, washegarin da aka raba wa daraktoci takardun sabunta kwantiragi, ya faɗo ofishinta ba sallama.

"Yaya Tela, don Allah dubi wulaƙanci. Shekara guda muna kashe kanmu, dubi ɗan abin da suka ƙara mana."

Ya shimfiɗa takardarsa a kan teburinta. Shi a tunaninsa abin da ke cikin tasa shi ne a cikin tata.

Yaya ta sa tabarau ta karanta. Ta cire, ta goge shi da bakin mayafi, ta mayar, ta sake karantawa. Ta ce a ranta wataƙila an haɗa masa da kuɗin gida da na mota ne. Ta juya shafi, sai ga kuɗin gida da na mota a zaune daban. In aka kasa albashinsa huɗu, nata uku ne cif.

"Ba abin kunya ba ne?" in ji shi.

"Abin kunya ne ƙwarai," in ji Yaya.

"Na san ke za ki fahimta."

Ta sa aka kawo masa shayi, ya sha, ya yi ƙorafin sukari, ya tafi da takardarsa zuciyarsa wasai.

Da azahar sai ga ta a gidan Inna, abin da ba ta taɓa yi a ranar aiki ba. Ina nan ina yanke wa Inna farce. Ta zauna a ƙasa da kayan ofis a jikinta, ta zayyana mana komai. Inna ta saurara da kunnenta mai kyau, sannan ta ce, "To ke naki nawa ne?"

Yaya ta faɗa.

"A shekara?"

"A wata, Inna."

Inna ta janye hannunta daga nawa. "A wata! Shi ne kika shigo min da fuska kamar an yi miki mutuwa? Tashi ki ba ni wuri. Mutane na neman na sabulu."

Na ƙunshe dariya. Yaya ba ta yi fushi ba, ta san uwarta. Inna ta yi ɗinkin zanen gado a ƙuruciyarta, da shi ta sa mu makaranta bayan rasuwar Baba. Sai Yaya ta ce, "Inna, a ce ke da maƙwabciyarki ta da kun kai wa mai shago zanen gado iri ɗaya, ya ba ta huɗu ya ba ki uku."

"Wace maƙwabciyar? Mai ɗinki a karkacen nan?"

"Ita."

"Ai da a shagon zan tare da kayana," in ji Inna. Ta miƙo min hannu in ci gaba. "Je ki ki tambaye su. Amma kada ki yi musu rashin kunya, ba haka na rene ki ba."

Washegari ta nemi ganin Babban Darakta. Mutum ne mai taushin murya, a kan teburinsa kullum akwai kwanon gilas cike da alawa. Ya tarbe ta da fara'a, ya tambayi Inna, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Da ta faɗi abin da ya kawo ta, ya jingina da kujera ya haɗa yatsu.

"Hajiya, al'amarin yana da tarihi. Kin ga shi wannan mutumin, duk shekara sai ya zo min da takardar wani kamfani da ke zawarcinsa. Dole mu ɗan ƙara masa don kada ya tafi. Ke kuwa ba ki taɓa ƙorafi ba ko sau ɗaya. Kullum da ke nake ba da misali."

"Ranka ya daɗe, wato laifina shi ne ban dame ka ba?"

"A'a, a'a, wane laifi! Kuma kin ga shi iyali ne a kansa. Ke ai akwai Malam."

Malam mijinta ne, tsohon malamin firamare, wanda fanshonsa ko man motar Yaya ba ya saya, kuma shi da bakinsa yake faɗa yana dariya. Yaya ta so ta ce haka, amma tarbiyya ta riƙe mata harshe. Babban Darakta ya ce a bari zuwa sabuwar shekara a duba. Sai da ta kai bakin matakala ta lura da abu biyu: ta ce "na gode" har sau uku, kuma ga alawa a tafin hannunta, ba ta san lokacin da ta ɗauka ba.

Ta bi ta ofishin Lauya ko za su haɗa kai. Lauya ta tashi ta rufe ƙofa, ta rage murya. Ta ce ta sani tun shekara huɗu da suka wuce, ai ita ke tsara takardun, kuma nata ma bai kai na Yaya ba. "Amma saura shekara biyu yarana su gama jami'a, kuma ni kaɗai ce a kansu. Ki yi, ina yi miki addu'a daga nan." Yaya ba ta taɓa riƙe ta da wannan ba.

Da Malam ya ji labarin alawa, sai da ya yi dariya har da tari. Shi ne ke shirya wasan kwaikwayo a makarantarsu shekara da shekaru, kuma tun da ya yi ritaya yake neman inda zai huce. Ranar Asabar da hantsi ya ce za a yi gwaji. Ya ja teburin cin abinci tsakiyar falo, ya cusa matashin kujera a cikin riga ya yi tumbi, ya ɗora tabarau a kan hanci. Ni aka ba ni littafi da biro, wai sakatariya.

"Shigo," in ji shi da wata murya da ban san yana da ita ba.

Yaya ta shigo ta zauna. "Ranka ya daɗe, na zo ne a kan maganar albashi."

"Madalla. Dama ina nemanki. Mun duba mun ga ya yi yawa."

"Malam!"

"Wane ne Malam? Sakatariya, rubuta: a rage mata kashi ɗaya, a karɓe motar, a ba ta keke."

Sau huɗu ana sakewa, sau huɗu yana korar ta daga aiki. A na biyar ta jefe shi da matashi, ya cire tabarau, ya koma Malam ɗinsa.

"Ke, in gaya miki gaskiya, a gaban manya ba ki da baki. Da kin fara sai ki koma ba da haƙuri. Amma na taɓa ganin ki a masana'anta kina nuna wa injiniyoyi kuskurensu, ko kalma goma ba ki yi ba, suka yi tsit. Hannu gare ki. Ki nemi abin da za ki nuna musu."

Yaya ta dubi tumbin nasa. Ta ce, "Cire matashin nan daga cikinka, kana ɓata min shi."

Bayan mako uku aka yi taron hukumar gudanarwa, wanda wakilan masu hannun jari ke zama da daraktoci duk wata uku. Ban kasance a ɗakin ba, amma sakatariyar da ta rubuta bayanin taron ƙawata ce, kuma ta ba ni labarin ya fi sau goma, kullum da ɗan ƙari.

A jerin abin da za a tattauna Yaya ta sa an rubuta "sabon kaya daga masana'anta". Da lokacin ya yi, aka ji hayaniya a matakala. Lebura huɗu ne ke fama da katifa biyu manya, domin sun ƙi shiga na'urar hawa bene, kuma ɗaya ta maƙale a kwana sai da aka lanƙwasa ta. Aka matsar da kujeru, aka shimfiɗa su a ƙasa. Ɗaya rigarta ruwan toka, ɗaya mai furanni.

Yaya ta ce kowa ya zo ya danna. Manyan mutane suka durƙusa da manyan kaya suna danne-danne. Shugaban hukumar, wani dattijo da ya shahara da gyangyaɗi a taro, ya ce shi ba ya gane katifa da yatsa. Ya cire takalma da hula ya miƙe a kan ruwan tokar, ya juya dama ya juya hagu, ya mirgina zuwa mai furanni, ya lumshe ido.

"Ban ji bambanci ba," in ji shi daga kwance.

"Babu, ranka ya daɗe. Daga curin soso ɗaya aka yanko su, kauri ɗaya, tela ɗaya ta ɗinka. Shawarata ita ce, in mun sayar da ruwan tokar a kan huɗu, mu sayar da mai furanni a kan uku."

Daraktan kuɗi ya zabura kamar an taka shi. "Uku? Soso ɗaya, aiki ɗaya, mu zubar da kashi guda? Saboda me?"

"Rigar ce ta bambanta."

"Riga! Haba Madam, yaushe riga ta fara rage wa katifa daraja? Wannan ai zalunci ne a kan kayanmu."

Sarkin Talla ma ya sa baki, ya ce shi ba zai iya tallata wannan ba, mutane za su ɗauka akwai wani aibi da aka ɓoye a cikin mai furannin.

"Sakatariya," in ji Yaya, "don Allah a rubuta maganarsu yadda suka faɗa." Ta jira aka rubuta. Sannan ta buɗe jakarta ta fito da takardar kwantiraginta, ta ɗora a kan katifa mai furanni kusa da ƙafar dattijo. Ta ce, "Ga tawa. Shekara tara ina darakta. Abin da ke ciki kashi uku ne cikin huɗu na abin da ake ba ɗan'uwana mai kula da ciniki, kuma matakinmu ɗaya. Ban ce a rage masa ko kwabo ba, yana aikinsa. Ina so ne a gaya min aibin da aka ɓoye a cikina."

Sarkin Talla ya juyo ya dube ta.

"Wa ya gaya miki albashina?" in ji Sarkin Talla.

"Kai. Har shayi na ba ka."

Wani daga cikin wakilan ya fashe da dariya, ya mayar da ita tari. Dattijo bai tashi daga katifa ba, ya dai buɗe ido ɗaya ya nemo Babban Darakta.

"Gaskiya ne?"

"Ranka ya daɗe, al'amarin yana da tarihi."

"Ni ma ina da tarihi. Gaskiya ne ko ba gaskiya ba ne?"

Babban Darakta ya ce gaskiya ne.

Ba a gyara a ranar ba, kamfani ai ba ya gaggawa in shi zai biya. Aka kafa kwamiti, kwamitin ya kafa ƙaramin kwamiti, aka ɗauki wata bakwai. A ƙarshe aka daidaita albashinta da na sauran, aka daidaita na Lauya ma, wadda ta aiko mata da atamfa turmi biyu ba tare da ko 'yar takarda ba. Na shekarun baya kuwa aka ce a yi haƙuri, kuma ba a taɓa biya ba. Babban Darakta ya fitar da sanarwar hana ma'aikata nuna wa juna takardar albashi, sanarwar da ta sa kowa ya fara nunawa. Sarkin Talla ya yi wata biyu ba ya gaishe ta. A wata na uku ya shigo ofishinta yana ƙorafin an sauya masa wurin ajiye mota, shi ke nan aka shirya.

Da labari ya tsaya a nan da Yaya ta fi jin daɗinsa. Amma ranar da takardar ƙarin ta fito, ta sauka ɗakin ɗinki zagayen da ta saba. Matan suka tsayar da kekuna suka yi ta tafi. Tana ta murmushi tana ɗaga hannu, har ta iso layi na uku. A nan wata tsohuwar ƙawarta take, wadda suka fara aiki tare a wata ɗaya, muna ce mata Anti Zare. Ita ba ta yi tafi ba. Ta cire allurar da ke bakinta ta ce, "Barka, Tela. To mu fa?"

"Ku kuma da me?"

"Mazan da ke ɗinkin gefe a can layin, da mu da muke ɗinkin riga, ba keke ɗaya muke takawa ba? Su mataki na biyar, mu na huɗu. Tun kina zaune a kujerar nan haka yake."

"Wa ya tsara haka?"

"Ban san wanda ya fara ba. Na dai san mai sa hannu duk shekara. Ke ce."

Yaya ta gaya min da bakinta cewa ta buɗe baki za ta ba da amsa, sai ta ji abin da ke fitowa shi ne, "Ai al'amarin yana da..." Ta haɗiye sauran. Ta ce a rayuwarta ba ta taɓa jin kunya irin ta wannan ranar ba. Takardar tana zuwa mata kowace shekara a cikin tarin fayil, ta duba jimla, ta ga ba a wuce kasafi ba, ta sa hannu. Ba ta taɓa tambayar dalilin da ya sa duk 'yan mataki na huɗu mata ne ba, alhali ita ma daga can ta fito.

Wannan yaƙin ya fi na farko wuya, domin mata arba'in da ɗaya ne, kuma daraktan kuɗi ya daina faɗin ra'ayinsa a kan komai sai ya tabbatar ba tarko ba ne. Babu katifa a wannan karon. Zama ne bayan zama, da agogo a hannu ana auna minti nawa kowane ɗinki ke ci, har aka gano na riga ya fi na gefe ɗaukar lokaci. Shekara ɗaya da rabi kafin a haɗe matakan biyu. Na sashen naɗe kaya kuwa, inda ake da irin wannan matsalar, ba ta ci nasara ba har ta bar aiki, kuma har yau in an ambata sai ta tsuke baki. Anti Zare ba ta yi mata godiya ba. Ta ce, "Kin makara da shekara tara, amma kin zo." Suna nan suna zumunci, kowace Lahadi sai sun yi waya suna gulmar kamfani.

Bara ta yi ritaya. Aka yi liyafa a harabar masana'anta, aka yi jawabai, Sarkin Talla ya yi kuka na gaske. Tsarin kamfanin shi ne duk daraktan da ya yi ritaya a ba shi sabuwar mota, kuma uku da suka riga ta duk an ba su. Da aka zo ba da kyauta, sai aka turo wani ƙaton kwali a kan amalanke, an ɗaure shi da jan ƙyalle. Ta buɗe. Tukwane ne guda goma sha biyu masu murfin gilas, da na'urar markaɗe.

Malam ya ɗaga babbar yana juyawa, ya ce, "Kai, wannan ba ta kama abinci." Yaya ta taka masa ƙafa. Ta karɓi abin magana ta yi godiya sau ɗaya, ta zauna. Washegari da safe ta rubuta wasiƙa mai layi huɗu, ta ce ta ga tukwane kuma sun yi kyau, tana tambaya ko motar tana hanya ne ko an manta ta a cikin wani kwalin. Aka ce kuskure ne daga kwamitin liyafa. Bayan wata biyar mota ta iso. Na tambaye ta ko za ta mayar musu da tukwanen, ta ce ba ta ga dalili ba, tukwane kyauta ce, ita kuma ba a koya mata mayar da kyauta ba.

Matsalar da ta rage ita ce, shekara ashirin direban kamfani ke tuƙa ta, ba ta taɓa riƙe sitiyari ba. Yanzu Malam ne ke koya mata, kullum da la'asar a layinsu. Sun riga sun kayar da ƙofar maƙwabci da motar sau biyu. A na biyun maƙwabcin ya fito ya tsaya yana kallon ƙofar a ƙasa, Yaya ta sauke gilas ta ce masa ya yi haƙuri, amma gaskiya wanda ya yi masa waldar nan ya cuce shi.